Hasken Kalkata da Imanin Tsufa: Tunawa da Malcolm Muggeridge

Dattawan Jega da Aliero da Maiyama waɗanda suka yi wayo tun kafin zuwan wayar hannu ba za su rasa tuna yadda sana'ar mai hoto take a da ba, lokacin da mutum zai kafa akwatinsa mai ƙafa uku a gefen kasuwa, ya rataya baƙin ƙyalle a jikin bango, ya zaunar da maniyyacin da ke neman hoton fasfo a kan benci, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi sama tukuna kafin ya dubi fuskar mai zama, domin ya san cewa aikinsa duka a hannun rana yake. In hadari ya haɗo, ko magariba ta kawo jiki, sai ya ce a dawo gobe, don kuwa fim ba ya kama abin da haske bai sauka a kansa ba. Za su kuma tuna motar majigi ta gwamnatin Jihar Arewa, wadda takan iso gari da la'asar, a kafa farin allo a fili, a jira duhu ya yi sosai, a nuna Baban Larai, manya da yara suna kallon noman auduga a jikin ƙyalle. Masu waɗannan sana'o'i sun san cewa haske yana da ma'auni, yana da ƙa'ida, kuma wanda ya jahilci ƙa'idarsa ba zai fitar da hoto ba ko da niyyarsa ta kai ta waliyyi kyau.

Mutumin da nake so mu tuna Bature ne ɗan Ingila, Malcolm Muggeridge, ɗan jarida kuma mai shirya fina-finan talabijin, wanda aka haifa ran 24 ga Maris 1903, ya rasu ran 14 ga Nuwamba 1990. Wasu ne suke riƙe masa kyamara. Nasa aikin shi ne ya zaɓi abin da za a ɗauka, ya tsara magana, ya tsaya gaban kyamarar ya yi wa miliyoyin mutane bayani. Ya shafe mafi yawan rayuwarsa cikin shakka game da samuwar Ubangiji, da ba'a ga masu addini da masu mulki baki ɗaya, sai da furfura ta cika kansa ya bayyana imaninsa da addinin Kirista, bai kuma shiga ɗariƙar Katolika ba sai yana da shekara 79. A tsakiyar wannan doguwar tafiya akwai wani ɗaki mai duhu a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, da wani fim da aka ɗauka a cikinsa, wanda har yau ake jayayya a kansa.

Ni Musulmi ne, kuma aƙidata game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, dabam take da wadda Muggeridge ya mutu a kanta. Wannan na faɗe shi tun da wuri don kada magana ta rikice. Amma a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero 'ya'yanmu suna zama aji ɗaya da 'ya'yan Kiristocin ƙasar Zuru, a kasuwar Jega muna ciniki da Kiristocin kudu, motocin albasarmu kuma garuruwansu suke nufa, saboda haka sanin yadda zuciyar Ahlul Kitabi take kaiwa ga abin da ta yi imani da shi yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Bayan wannan, labarin mutumin nan ya taɓo mas'alar da ta dame mu a yau fiye da kowane zamani, wato iyakar abin da hoto zai iya zama hujja a kansa.

A gidan 'yan gurguzu ya tashi. Mahaifinsa ɗan jam'iyyar Leba ne, har ya yi wakilci a majalisar dokokin Ingila daga 1929 zuwa 1931, kuma abin da aka shayar da yaron shi ne cewa in an raba dukiya daidai, aka ilmantar da talaka, to ɗan Adam zai gina aljannarsa a nan duniya ba tare da bukatar wahayi ba. Ya yi karatu a Kambirij, ya koyar a wata kwalejin mishan a kudancin Indiya, ya auri Kitty Dobbs a 1927, ya koyar a Masar, daga can jaridar Manchester Guardian ta ɗauke shi aiki. A 1932 shi da matarsa suka nufi Mosko da niyyar zama can har ƙarshen rayuwarsu, domin sun gaskata cewa a Tarayyar Sobiyet ne aka fara gina aljannar da aka yi musu alkawari.

Abin da ya tarar shi ne mafarin rushewar imaninsa na farko. Gwamnatin Stalin tana tilasta wa manoma haɗa gonakinsu wuri ɗaya ƙarƙashin hukuma, tana aika jami'ai su kwashe hatsi daga rumbuna har da irin shuka, wanda ya yi gardama kuwa a kira shi maƙiyin jama'a a kore shi daga ƙasarsa. Duk manomin Maiyama ya san ma'anar a kwashe wa mutum irin da ya ajiye don damina mai zuwa: an kashe shi bana, an kuma kashe shi baɗi. 'Yan jaridar ƙasashen waje da ke Mosko suna jin ƙishin-ƙishin, amma yawancinsu suka kama bakinsu, saboda wanda ya rubuta abin da hukuma ba ta so za a hana shi zama. A farkon 1933 Muggeridge ya sayi tikitin jirgin ƙasa ba tare da neman izini ba, ya nufi Yukren da arewacin Kaukasus, ya ga ƙauyukan da suka yi tsit, gonaki sun cika da ciyawa, dabbobi sun ƙare, sojoji ƙosassu suna gadin mutanen da yunwa ta kumbura. Ya ba da labarin wata safiya a wata tasha, inda ya ga manoma an ɗaure musu hannuwa ana tura su cikin taragun shanu da bakin bindiga. Ya kuma ba da labarin wata majami'a a birnin Kiyef da ya shiga ya tarar ta cika maƙil da mayunwata suna addu'a, alhali hukuma ta yi shelar cewa addini ya mutu. Ya ce abin da ya gani a fuskokinsu bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Ya fitar da rahotanninsa a ɓoye cikin jakar wasiƙun ofishin jakadancin Ingila, Manchester Guardian ta buga su a ƙarshen Maris 1933 ba tare da sunansa ba. Masana tarihi na yau suna ƙiyasta cewa yunwar nan ta kashe tsakanin mutum miliyan 3.5 da miliyan 5 a Yukren kaɗai. Amma a lokacin, wakilin New York Times a Mosko, Walter Duranty, wanda ya fi kowa suna a cikin 'yan jaridar waje da ke can, ya musanta cewa akwai yunwa, manyan masu ilimin Ingila kuma, har da dangin matar Muggeridge, suka ɗauke shi maƙaryaci mai ɓata sunan juyin juya hali. Ya bar jaridar, ya sha wahalar samun aiki. Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga irin wannan ɗacin, domin tarihinmu ya adana yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'ar jihadi, ya bar runduna ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ba ina gwada darajar mutanen biyu ba ne, nesa ba kusa ba. Bambancin da nake so a lura da shi shi ne, Malam Abdullahi yana da Littafi da Sunna da zai koma gare su ya auna mutane, shi kuwa Muggeridge da gunkinsa ya faɗi sai ya waiwaya bai ga kome a bayansa ba, ya zauna cikin wannan rashi shekara talatin da 'yan kai.

Shekarun nan ba sa bukatar dogon bayani. Ya koma Indiya ya yi aiki da jaridar Statesman ta Kalkata. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi leƙen asiri wa Ingila a birnin da yanzu ake kira Maputo a Mozambik, inda, bisa ga abin da ya rubuta da kansa, baƙin ciki ya kai shi ga shiga teku da dare da nufin kada ya dawo, sai da ya yi nisa ya waiwayo ya hangi fitilun gaɓa, ya ji yana son rai, ya juyo. Bayan yaƙi ya yi aiki da Daily Telegraph, ya zama editan mujallar barkwanci ta Punch daga 1953 zuwa 1957, ya rubuta maƙalar da ta soki yadda Turawa ke ɗaukaka gidan sarautarsu har aka yi masa ca, talabijin kuma ta mai da fuskarsa sananniya a kowane gida. A cikin wannan ɗaukaka ya kasance mashayi, mai neman mata, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa ba su ɓoye cewa ya cutar da matarsa da waɗansu matan da ya yi aiki da su ba. Wannan ma yana cikin lissafin, kuma tunawa da mamaci ba ta halatta a share shi.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Tun yana ɗalibi a Kambirij yake abota da wani limamin cocin Ingila, Alec Vidler, abotar da ta ɗore har tsufa, kuma bai taɓa daina karanta Linjila da littattafan Agustin, malamin nan na Kirista ɗan arewacin Afirka, ba. A cikin shekarun 1960 ya bar giya da taba da cin nama. A 1967 BBC ta aike shi ƙasar Falasɗinu ya shirya fim a kan rayuwar Almasihu, kuma a Baitalami, cikin majami'ar da Kirista suka yi imani a wurin aka haifi Annabi Isa, yana zaune yana jiran a sallami masu ziyara don a fara ɗauka, sai ya shiga kallon fuskokin masu shigowa: waɗansu da surutu suke shiga, da kyamarori a wuya, amma da sun iso wurin sai ya ga fuskar ta canja, ta yi laushi. Ya ce daga nan ne ya fara jin cewa abin ya wuce tatsuniya. A Janairun 1968 ya ajiye muƙamin shugaban da ɗaliban jami'ar Edinbara ke zaɓa, saboda ya ƙi goyon bayan bukatarsu ta a raba musu ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, a 1969 kuma ya fitar da littafin Jesus Rediscovered, inda ya bayyana kansa Kirista, ko da yake bai yarda ya shiga kowace ɗariƙa ba.

A 1968 ne aka ce ya yi hira a talabijin da wata 'yar zuhudun Katolika da ta zo Landan daga Kalkata, wadda a lokacin ba a san ta sosai a wajen Indiya ba. Ita ce Uwa Teresa, 'yar ƙabilar Albaniya da aka haifa a Skopje a 1910, wadda ta bar koyarwa a makarantar 'yan mata a 1948 ta shiga unguwannin matalauta, ta kafa ƙungiyarta a 1950. Hirar ba ta yi armashi a idon ma'aikata ba, domin matar gajerun amsoshi take bayarwa, ba ta da fasahar magana. Amma da aka watsa ta, sai wasiƙu da kuɗi suka yi ta kwarara daga masu kallo, alhali ba a roƙi kowa ba. Wannan ya sa a 1969 Muggeridge ya tafi Kalkata tare da darakta Peter Chafer da mai ɗaukar hoto Ken Macmillan, gwani ne da ya yi aiki a shahararren shirin nan na BBC mai suna Civilisation, aka ba su kwana biyar su ɗauki fim ɗin da aka sa wa suna Something Beautiful for God.

Cikin wuraren da suka shiga akwai gidan masu jiran ajali na Kalighat, wanda aka buɗe a 1952 a wani tsohon masaukin masu ziyara da ke jikin ɗakin bautar Kali. Dogon zaure ne, an jera gajerun gadaje a kan dakali hagu da dama, tagoginsa ƙanana ne kuma can sama suke kusa da rufi. A kan gadajen akwai mutanen da aka tsinto a bakin titi da tashar jirgi, waɗansu tsutsa ta shiga gyambonsu, waɗansu tarin fuka ya cinye su, 'yan zuhudu sanye da farin zane mai shuɗin baki suna durƙusawa suna wanke su, suna ba su ruwa a cokali, suna riƙe hannun wanda ransa ke fita. Muggeridge ya ce da farko ƙyama ce ta kama shi haɗe da tausayi, daga baya ƙyamar ta tafi tausayin ya saura, daga ƙarshe kuma ya ga mutanen nan kamar waɗanda ya daɗe da sani yake kuma ƙauna. Macmillan ya dubi zauren da idon sana'a ya ce hasken bai isa ba, fitilar da suka zo da ita kuma ƙarama ce. Aka ce a gwada duk da haka, aka kuma ɗauki waɗansu hotunan a tsakar gida cikin rana don kada a tashi a tutar babu.

Da aka koma Ingila aka wanke fim ɗin, sai ga hotunan cikin zauren sun fito sarai, cikin wani haske mai taushi, ana ganin kowace fuska. Nan take Muggeridge ya yanke cewa hasken Ubangiji ne, hasken ƙaunar da ta cika ɗakin, kuma kyamara ta kama abin da ido bai gani ba. Ya faɗa wa 'yan jarida, ya rubuta a littafin da ya fitar a 1971 mai suna ɗaya da fim ɗin, ya yi ta maimaitawa har ƙarshen rayuwarsa. Fim ɗin da littafin su ne suka kai sunan Uwa Teresa ko'ina a duniya, shekaru kafin a ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1979.

Shi kuwa mai kyamarar yana da nasa bayanin, wanda bai samu faɗa wa duniya ba sai a 1994, a wani shirin tashar Channel 4 da Christopher Hitchens ya gabatar don sukar Uwa Teresa. Macmillan ya ce gab da tafiyarsu an kawo musu wani sabon fim na kamfanin Kodak wanda ba su sami damar gwadawa ba, shi ya ɗora a kyamara a cikin zauren, kuma da ya ga yadda hotunan suka fito yana shirin yaba wa Kodak ne sai Muggeridge ya riga shi magana. Wanda ya san sana'ar zai fahimci wannan ba da wahala ba. Fim leda ce da aka shafa wa sinadari mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa, haske yana taɓa su su canja, wanki kuma ya bayyana canjin. Kamfanoni suna ta gyara sinadarin yadda kaɗan daga haske zai wadatar, har abin da fim ɗin bara ya kasa kamawa na bana ya kama shi.

A nan ina tare da mai kyamara, kuma ina ganin tarbiyyar malamanmu ma can za ta kai mu. Malaman tauhidi ba su taɓa barin al'amarin saɓa wa al'ada a sake ba. Sun rarrabe mu'ujiza, wadda ta keɓanta ga annabawa, da karama ta waliyyai, da ma'una da Allah kan yi wa bawa na gari don fitar da shi daga ƙunci, da istidraji da kan bayyana a hannun fasiƙi don a ƙara masa nisa. Kafin duk wannan kuma sun shar'anta a tabbata cewa abin ya saɓa wa al'adar da gaske, ba shi da sababin da masana fanninsa suka sani. Mas'alar fim kuwa, mai fim ake tambaya. Masu tasawwufi ma sun daɗe suna karantar da cewa tsayuwa a kan gaskiya ta fi karama daraja. Mu kanmu muna bukatar wannan tunatarwa. A watan Yulin 2008 jama'a sun yi tururuwa zuwa wani gidan abinci a Birnin Kebbi don ganin tsokar nama da aka ce sunan Allah ya bayyana a jikinta, har BBC ta ɗauki labarin, yau kuma ba a kwana biyu ba a turo wa mutum hoton gajimare ko ɗan itace ta WhatsApp ana cewa aya ce ba. Ba na tuhumar niyyar masu yin haka, son Allah ne ya motsa su. Amma mukan ce gani ya kori ji, alhali a zamanin da yaro zai iya ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba da wayar hannunsa, ganin ma yana bukatar isnadi.

Abin da ya fi ba ni tausayi game da Muggeridge shi ne bai bukaci wannan hujjar ba ko kaɗan. Abin da ya girgiza shi ya riga ya faru tun kafin a wanke fim, a lokacin da ya ga mace mai ilimi ta durƙusa tana wanke gyambon wanda duniya ta jefar, ba don albashi ba, ba don a gani ba. Shi da ya ga gwamnatin da ta yi alkawarin ceton talakawa duka tana kashe su da yunwa saboda tsari, sai ga shi gaban waɗansu mata da ba su da wani tsarin gyaran duniya, mutum ɗaya da ke gabansu kawai suka sani. Mutanen ƙasar nan sun ga irin wannan hidima da idonsu, a asibitin masu cutar kuturta na Amanawa kusa da Sakkwato, da asibitin ido na Kano, da na Galmi a Nijar, waɗanda 'yan mishan na SIM suka kafa, kuma Musulmi da yawa da suka warke a can sun riƙe addininsu sun kuma riƙe godiya.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. A 1994 editan mujallar likitoci ta Lancet, Dokta Robin Fox, ya ziyarci gidan na Kalighat, ya yaba da tsabta da kulawa, amma ya rubuta cewa ba a tantance mai cutar da za ta warke daga wanda ajalinsa ya zo yadda ya kamata, kuma babu isassun magunguna masu ƙarfi na kashe zafin ciwo. Fim ɗin Muggeridge bai yi irin wannan tambaya ba, domin mai shi ya riga ya cika da sha'awa. A Aliero, inda ake kawo masu karaya daga garuruwa masu nisa wurin masu ɗori, ana son mai ɗori ya kasance mai tausayi, amma abin da ake dubawa daga ƙarshe shi ne ko ƙafar ta ɗoru daidai. Da ɗan jaridar da ya shiga jirgin Yukren a 1933 ne ya shiga zauren Kalighat da irin idon da yake da shi a lokacin, da ya ga rahamar ya kuma ga gibin, kuma da shaidarsa ta fi ƙarfi.

Wani abin lura shi ne, mutumin da kyamara ta ɗaukaka ya ƙare yana mai tsananin zarginta. A laccocin da ya gabatar a Landan a 1976, waɗanda aka buga da sunan Christ and the Media, ya yi hujja da cewa talabijin tana mai da kome wasan kwaikwayo, har yunwa da yaƙi, saboda mai ɗauka yana zaɓe, mai yanka yana zaɓe, mai kallo kuma yana zaton ya ga gaskiya tsirara. Ya kawo misali da jarrabawa uku da Linjila ta ce Shaiɗan ya yi wa Almasihu a jeji, ya ƙaddara ta huɗu, wato a yi masa tayin fili a talabijin don ya yi wa duniya duka wa'azi lokaci ɗaya, ya ce a ganinsa da Almasihu ya ƙi. Ya sa aka cire eriyar talabijin daga gidansa. Duk da haka bai daina bayyana a cikinta ba, kuma a 1979 an gan shi yana muhawara mai zafi da John Cleese da Michael Palin a kan fim ɗinsu na barkwanci Life of Brian, wanda ya ɗauka izgili ne ga Almasihu. Masu ba'a suka laƙaba masa Waliyyi Mugg, suna cewa bai bar zunubi ba sai da zunubi ya bar shi.

Wannan zargi shi ne wanda ake yi wa duk wanda ya gyaru da tsufa, a cikin Kirista da a cikinmu, kuma ban yarda da shi ba. Gaskiya ne akwai tuban muzuru, amma ana gane shi da kazar da ke baki, shi kuwa mutumin nan ya saki giya da mata da nama ya zauna a ƙauye da matar da ya daɗe yana cutarwa, ya kuma jure dariyar abokan da a da yake jagorantarsu wajen yi wa wasu dariya, wadda ita ce mafi zafi ga mai irin halinsa. A wurinmu ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai kai ga gargara ba, ayyuka kuma da cikawarsu ake auna su. Su ma Kirista suna da misalin ma'aikatan gonar inabi, inda wanda aka ɗauka da yamma ya sami lada daidai da wanda ya fara tun asuba. Hukuncin aƙidarsa yana wurin Wanda ya halicce shi. Abin da ɗan Adam zai iya shaida shi ne barin alfasha alheri ne a kowace shekara aka yi shi, kuma wanda ya yi wa dattijo gori don ya daina saɓo a makare, kamar yana ce masa ne gara da ya zarce.

Shekara goma sha uku ya yi tsakanin Kalkata da shiga ɗariƙar Katolika. Uwa Teresa ta yi ta rubuta masa wasiƙu tana kiransa, shi kuma yana amsa cewa ba zai shiga abin da zuciyarsa ba ta gama natsuwa da shi ba don kawai ya faranta mata, domin ya daɗe yana ganin shugabannin coci suna bin iskar zamani. Abin da ya rinjaye shi daga baya, bisa ga faɗarsa, shi ne misalin matar nan, da karatun Agustin, da tsayuwar Fafaroma a kan haramcin zubar da ciki da hana haihuwa a lokacin da kusan kowa a Turai ya saki. A watan Nuwamba 1982 aka karɓe shi tare da Kitty a wata ƙaramar majami'a a Hurst Green, cikin yankin Sussex. Ya rubuta littafinsa na ƙarshe, Conversion, a 1988, yana ba da labarin tafiyar tun daga farko, bayan shekara biyu ya rasu yana da shekara 87, Kitty kuma ta bi shi a 1994.

Tarayyar Sobiyet ta rushe shekara ɗaya bayan rasuwarsa, aka buɗe ɗakunan ajiyar takardunta, aka ga umarnin ƙwace hatsi da na hana mayunwata barin ƙauyukansu a rubuce da sa hannun shugabanni. A watan Nuwamba 2008, shekara 75 bayan yunwar, gwamnatin Yukren ta ba Muggeridge lambar girmamawa, shi da Gareth Jones, ɗan jaridar Wales da shi ma ya taka ƙauyukan da ƙafarsa a 1933 ya faɗi abin da ya gani aka ƙaryata shi.